Kunyar Surukai a Ƙasar Polan: Yadda Wani Bazazzagi Ya Kusa Rasa Dangin Matarsa

Asali, 2015 zuwa 2018

Mutumin da za a bi lamarinsa a nan Bazazzagi ne, haifaffen cikin birni. Ya tafi ƙasar Polan a watan Oktoba na 2015 don karatun digiri na biyu a fannin kwamfuta, da ya gama kuma ya samu aiki a Warso, babban birnin ƙasar, a wani kamfani da ake harka da Ingilishi daga safe har yamma. Shi ya sa ya shekara uku a ƙasar bai iya harshen mutanenta ba, in ban da gaisuwa da sunayen abin da yake saye a kanti. A wurin aikin ya haɗu da wadda ya aura. Ita 'yar ƙauye ce daga jihar Podlasiye, a arewa maso gabas, kusa da garin Sokulka, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba a mota zuwa iyakar Belarus. Babanta tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne da ya yi ritaya, yana noma dankali da ɗan lambu a bayan gida. Uwarta kuwa ba ta fashin coci ranar Lahadi.

Mutanen Polan sun kusa miliyan 38, kuma a ƙidayar 2021 kashi 71 cikin ɗari suka ce su 'yan ɗariƙar Katolika ne. A Warso baƙar fata ba abin kallo ba ne sosai, amma a ƙauye irin nasu sai a shekara ba a ga ko ɗaya ba. Iyakar abin da tsohon ya sani game da Najeriya shi ne Emmanuel Olisadebe, ɗan ƙwallon da ya karɓi takardar zama ɗan Polan ya buga mata gasar cin kofin duniya ta 2002, har ya ci Amurka ƙwallo.

Zuwan farko, Oktoba 2018

Ranar Lahadi aka kai shi gaisuwa, lokacin babban abincin rana da iyali ke haɗuwa a ci wajen ƙarfe biyu. Ya yi duk abin da aka koya masa a gida. Da tsohon ya miƙo hannu, sai ya kama da hannu biyu, ya rusuna, ya sunkuyar da kai. Bai ɗaga ido ya kalli tsohuwar ba ko sau ɗaya. Aka zauna a tebur, aka zubo romon kaza da siririyar taliya, wanda shi ne abincin Lahadi a yawancin gidajen ƙasar, bayansa aka kawo soyayyen nama da dankali. An riga an faɗa wa tsohuwar ba ya cin alade, don haka kaza ta buga ta soya maimakon tsokar aladen da aka saba. Ya kurɓi romon cokali uku, ya tsakuri naman, ya ajiye cokali ya ce ya gode. Ta ce a ƙara masa, ya ce ya ƙoshi. Tsohon ya tsiyaya masa giyar da ya haɗa da kansa da 'ya'yan itacen lambunsa, ya girgiza kai. A sa'o'i ukun da suka yi a gidan, maganar da ta fito daga bakinsa ba ta wuce a ƙirga da yatsu ba.

A jirgin ƙasa suna komawa, ransa fes, yana ganin ya fita kunyar surukai. Ita kuwa wayarta tana ta ƙara. Tsohon ya ce mata mutumin da ba ya iya kallon ido akwai abin da yake ɓoyewa, kuma bai ga alamar komai a nan ba sai neman takardar zama. Tsohuwar ta ce ƙyamar girkinta yake yi. Yarinyar ba ta gaya masa ko ɗaya daga cikin maganganun nan ba. Ta ce masa dai iyayenta mutane ne masu wuyar sabo.

Aure da takardu, 2019

Doka ba ta ba su wahalar da ta wuce ta kowa ba, sai dai jira. Baƙon da zai yi aure a Polan ana neman ya kawo shaida daga ƙasarsa cewa babu abin da ya hana shi aure, in kuwa takardar ta gagara sai ya je kotun yanki ta ɗauke masa. Ta kotun ya bi, ta ci masa wata huɗu. Kowace takarda sai tafintan da hukuma ta rantsar ya fassara ya buga hatimi. Bayan an shigar da takardu a ofishin rajistar aure kuma akwai jiran wata guda da doka ta tanada. Mace ɗaya dokar ƙasar ta sani, ƙara ta biyu laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku har shekara biyu, kuma wannan ce tambayar farko da tsohuwar ta sa 'yarta ta yi masa.

Tsohuwar ta so a yi a coci. Cocin Katolika yana yarda da auren wanda ba Kirista ba in bishop ya ba da izini, amma sai ɓangaren Katolikan ya yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsa a yi wa 'ya'ya baftisma, wato wankan shigar da su Kiristanci. Ango ya ce ba zai tsaya a yi wannan alkawari a gabansa ba. Aka yi na rajista a watan Satumba, kwana biyu bayansa aka ɗaura a wani masallaci a Warso, da shaidu da sadaki. Iyayen sun zo na farko, ba su zo na biyu ba. A wurin biki, kamar yadda al'adarsu take, iyaye suka tarbi ango da amarya a ƙofa da burodi da gishiri da ƙananan kofuna biyu, waɗanda bisa sabo ɗaya giya ce ɗaya ruwa. Amarya ta riga ta shirya aka zuba ruwa a duka biyun. Wannan ya wuce lafiya.

Daga nan ya nemi izinin zama na wucin gadi a matsayin mijin 'yar ƙasa, a ofishin gwamnan jiha. Hukuma tana bincike don gano auren bogi, aka kira su aka yi musu tambayoyi kowa a ɗakinsa. Ya amsa komai game da matarsa. Da aka zo kan iyayenta sai ya riƙa kame-kame, har sunan tsohuwar sai da ya yi jim kafin ya furta, don bakinsa bai saba kama sunan suruka ba. An dai ba shi katin.

Abubuwan da aka gwada suka ƙi, 2019 zuwa 2020

Da farko matar ce ta zama tafinta kuma mai shiga tsakani. Ta rubuta wa uwarta jerin abin da ba ya ci, tsohuwar ta manna a jikin firiji, ta kuma yi ƙoƙari. Sai dai girkin yankin an gina shi ne a kan alade ta hanyoyin da mai girkin kanta ba ta lura. Akwai wata fankasuwar wainar dankali da ake gasawa a tanda, abin alfaharin Podlasiye, da gutsattsarin soyayyen kitsen alade ake motsa ta. Akwai narkakken kitsen da ake ajiyewa a kwalba, a soya albasa da shi, a shafa a burodi. Wata Lahadi a watan Nuwamba ya leƙa kicin ɗaukar ruwa, ya ga da wannan kitsen ake soya masa kazarsa. A wurin tsohuwar nama daban, mai daban. Bai ce uffan ba, don suruki ba ya gyara wa suruka girki. Ya dai daina cin duk wani abin da ya hau wuta a gidan, ya koma burodi da shayi.

Dabara ta biyu tasa ce, ita ce kuma mafi muni. Ya fara dafa shinkafa da miya a Warso yana zuwa da ita a kula. A tunaninsa ya sauke wa tsohuwa nauyi. Ranar da ya buɗe kular a teburinta, ta tashi ta shiga ɗaki, ba ta fito ba har suka tafi.

Sai ya koma ga abin da kowane Bahaushe zai yi in ya ga fuskar surukai babu walwala, wato alheri. Gab da Kirsimetin 2019 ya sa kuɗi a ambulan, zuloti dubu biyu, kuɗin ƙasar, ya ba matarsa ta miƙa wa babanta. Ambulan ɗin ya dawo ko buɗe shi ba a yi ba, tare da saƙon cewa shi yana da fansho, kuma bai sayar da 'yarsa ba. Wannan ta yi wa mutumin namu ciwo fiye da sauran, domin a Zariya mayar da kyauta yanke zumunci ne. A can kuwa ba baƙon abu ba ne iyaye su ci gaba da tallafa wa 'ya'yansu bayan aure, a cika musu jaka da ƙwai da kwalaben tsimin kokwamba in za su koma birni. Kuɗi daga ƙasa zuwa sama, musamman daga surukin da ba a gama sabawa da shi ba, sai tsoho ya ji kamar an ce ya gaza.

Daga nan aka shiga ƙaurace wa juna. Annobar korona ta shigo a watan Maris na 2020, aka rufe ƙasa, kowa ya samu hujja. Matar tana zuwa ita kaɗai in an sassauta. Shi kuwa daga Disamban 2019 har Oktoban 2021, wata ashirin da biyu, bai taka ƙauyen ba. A gidansu na Warso maganar iyayenta ta zama abin da ake kewayewa.

Haihuwa, Maris 2021

Aka haifi namiji. Tun daga ranar haihuwa ɗan ƙasa ne, saboda uwarsa. Uban ya yi masa huɗuba a kunne a asibiti, aka yanka ragon suna a Zariya ranar bakwai, aka zaɓi suna da ke cikin Alƙur'ani da Baibul duka don kowane ɓangare ya iya kira ba tare da harshe ya karye ba. Wannan ya yi daidai. Baftisma ce ta tayar da ƙura. A wurin tsohuwar, jaririn da ba a yi masa ba yana cikin haɗari, kuma a ƙauye ana lura, tun da kowace shekara bayan Kirsimeti limamin coci yana bin gida-gida yana tambayar lafiyar iyali. Ta yi kuka a waya. Aka ƙara da maganar kaciya, wadda ba al'adar ƙasar ba ce, sai da suka nemi asibiti mai zaman kansa. Matar ta tsaya a kan abin da suka yi yarjejeniya tun kafin aure, amma ta gaya wa mijin a fili cewa ta gaji da zama gada, ana taka ta daga gaba ana taka ta daga baya.

Tun watan Janairu na wannan shekara ya riga ya shiga ajin koyon harshen, maraice uku a mako. Ba don surukai ya shiga ba. Tun 2018 doka ke neman shaidar iya harshen a matakin B1, wato matsakaicin mataki, kafin a amince da mutum a matsayin ɗan ƙasa, shi kuma yana hangen gaba. Harshe ne mai wuya, suna ɗaya yana sauya wutsiya har kashi bakwai gwargwadon aikinsa a jimla. Zuwa kaka dai yana iya haɗa magana, ko da a karkace.

Kakar 2021

A wannan lokaci iyakar Belarus ta rikice. Dubban mutane daga Iraƙi da Siriya da Afganistan da wasu ƙasashen Afirka suka riƙa ƙoƙarin tsallakowa ta cikin daji. Ranar 2 ga Satumba gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a garuruwa da ƙauyuka 183 na bakin iyaka, aka hana wanda ba mazauni ba shiga. Ƙauyen surukan yana wajen yankin da aka killace, amma hanyoyinsa cike suke da shingen bincike, kuma ana kama direbobin da aka samu da baƙin haure a mota.

Ranar 1 ga Nuwamba ce ranar da mutanen Polan ke ziyarar kaburburan danginsu, ƙasar gaba ɗaya kan tashi a kan hanya. A 2020 an rufe makabartu saboda annoba, don haka a wannan karo tsohuwar ta matsa a kawo mata jikanta. Mijin ya ce ba zai bar matarsa ta bi wannan hanya da jariri ita kaɗai ba. Ranar 31 ga Oktoba tsohon ya ɗauko su a tashar jirgin Sokulka. Ba su yi kilomita biyar ba aka tsayar da su. Jami'in ya haska fitila kai tsaye a fuskar baƙon, ya ce ya fito. Yana laluben katinsa a aljihu, tsohon ya riga ya buɗe ƙofa ya fito a fusace, yana cewa wannan surukinsa ne, uban jikansa, a kashe masa fitilar nan. Matar ta ce ranar ce ta fara jin kalmar suruki daga bakin babanta.

Washegari a makabarta aikin ƙarfi ne: ɗebo ruwa daga famfo, goge dutsen kabari da buroshi, share ganye, jera furanni. Ya ɗauki bokiti ba tare da an sa shi ba. Kyandir ɗin da suke kunnawa a cikin gilasai bai kunna ba, ba a kuma ce ya kunna ba. Kabarin iyayen tsohuwar suke wankewa, su biyu, hannuwansu sun ƙage don sanyi, sai ta tambaye shi a hankali, yadda zai gane, me ya sa ba ya cin abincinta. Babu tafinta a kusa. Ya ce mata, da guntun harshensa, a garinsu mijin 'ya ba ya sakewa ya ci abinci a gaban uwar matarsa, ba ya kallon idonta, ba ya kiran sunanta, kuma iyakar girmamawa ke nan. Ya kuma faɗi maganar kitsen, wadda ya riƙe a ciki shekara biyu. Ta ajiye buroshi ta dube shi, ta ce to me ya hana shi faɗa. Da aka tambayi matar daga baya, ashe ita ma ba ta taɓa jin wannan al'ada ba. Shi yana ganin abu ne da kowa ya sani, ita kuma tana tsammanin girkin ne ba ya so, tana ta rufa masa asiri.

Bayan mako uku suka sake zuwa, tsohon ya ce ya shiga mota zai nuna masa wani abu. Bohoniki ya kai shi, ƙauyen da ba shi da nisa da Sokulka, inda akwai ƙaramin masallacin katako na ƙarni na 19. Tatar ne ke wurin, Musulmi da Sarki Yan Sobiyeski na Uku ya ba kakanninsu filaye a 1679 a madadin albashin soja da suke bin masarauta. Kwanaki kaɗan kafin zuwansu, a makabartar wannan ƙauye aka binne wani saurayi ɗan Siriya da ya mutu a iyaka, wasu kuma suka biyo bayansa. A nan tsohon ya ba shi labarin wani Batatare da suka yi aikin jirgin ƙasa tare shekaru da yawa, ba ya cin alade, ba wanda ya taɓa damuwa. Abin mamaki, bai taɓa haɗa wannan abokin da surukinsa a lissafi ɗaya ba. Tatar nasu ne, Musulmi kuwa waɗanda ake nunawa a talabijin ne. Daga Bohoniki tsohuwar ta samu abin da jerin da ke jikin firiji bai ba ta ba: matan Tatar suna yin irin wainar dankalin nan da cushe-cushen ƙullun da ta sani, da naman shanu ko na tunkiya ko na dinya. Ta sayi sabon kasko, ta ɗaura masa jan zare a mariƙi.

Daren 24 ga Disamba 2021

Jajiberin Kirsimeti shi ne babban daren iyali a ƙasar. Ba a cin nama a daren, kifi ne da miyar jan gwoza da laimar kwaɗi ta daji da kabeji, har kala goma sha biyu bisa al'ada. Ana sa ɗan ingirici a ƙarƙashin mayafin tebur, a bar kujera ɗaya da faranti babu kowa, ko baƙo zai ƙwanƙwasa. Ba a zama sai tauraro na farko ya fito. A yankin rana tana faɗuwa da ƙarfe uku da 'yan mintuna a wannan wata, don haka ya shiga ɗakin baya ya yi magariba, tsohuwar ta hana kowa zama har ya fito.

Kafin a ci, ana raba wani siririn farin waina na gari da ruwa, kowa ya je wurin kowa, ka gutsuri nasa ya gutsuri naka, ku yi wa juna fatan alheri. Ya yi tambaya a kan wannan tun da wuri. Malaman da ya tuntuɓa ba su haɗu a kan magana ɗaya ba, ya bi wanda ya ce masa gaisuwar iyali ce, ba ibadar cikin coci ba. Wahalar ita ce ba a yin ta da sunkuyar da kai. Da ya zo gaban tsohuwar ya ɗaga ido ya dube ta, ya yi mata fatan lafiya da tsawon rai, ya kira ta Mamo, yadda surukai ke kiran uwar mata a can bayan aure. Shekara biyu yana ce mata Pani, wato uwargida, kamar wata baƙuwa a ofis. Daga baya ya ce wuyansa ya yi masa nauyi kamar an ɗora dutse. Ya ci kala tara cikin goma sha biyun, ya nemi ƙarin miya. Da tsakar dare suka tafi coci, shi ya zauna da jariri.

Daga 2022 zuwa yau

Ya ci jarrabawar harshen a 2022. Da auren ya cika shekara uku, ya kuma cika shekara biyun da ake nema a kan izinin wucin gadi, ya nemi izinin zama na dindindin aka ba shi. Suna zuwa ƙauyen sau ɗaya a wata. Kuɗi bai sake kaiwa ba, amma kowace Satumba yana ɗaukar hutun kwana uku don tonon dankali, kuma shi ya sauya rufin rumbun tsohon. Giya ba ta taɓa zama matsala irin wadda ya zata ba, an daina tsiyaya masa tun tuni. A watan Janairu na 2024 ya kai matar Zariya. Ya kwana biyu yana koya mata durƙuso da kawar da ido, ta kuwa manta a ranar farko, ta dubi mahaifinsa tsakar ido ta miƙa masa hannu. Wannan karon akwai wanda ya san fassarar abin a wurin, aka yi dariya aka wuce.

Hukunci

A ganina alade da giya da coci ba su ne suka ɓata shekaru ukun farko ba, ko da yake su kowa ya ɗora wa laifi. Ladabin da ya zo da shi ne ake karantawa a juye. Sunkuyar da kai ta zama rashin gaskiya, tsakurar abinci ta zama ƙyama, ambulan ya zama raini, kawaicin da ya yi a kan kitse kuma ya hana tsohuwar gyara kuskuren da za ta iya gyarawa a rana ɗaya. Duk dabarun da suka ƙi, ƙarin kunya ne a kan kunya. Matar ba ta iya warware shi ba saboda tana fassara kalmomi tana tace masu ɗaci, alhali abin da ke bukatar fassara ba a taɓa furta shi ba. Ba kuma zan wanke tsohon ba: zargin auren takarda da ya yi tun ranar farko akwai launin fata a cikinsa, kuma sai da ya ga an haska wa surukinsa fitila a gabansa kafin ya san ɓangaren da yake. Harshen ne ya buɗe ƙofa, ko da yake don takarda aka koye shi. Bohoniki ta taimaka saboda ta ba su Musulmin da suka riga suka sani, abin da iyalin da ke wani yankin ƙasar ba lallai su samu a kusa ba.

Maganar baftisma tana nan ba a kashe ta ba. Tsohuwar ta daina tayar da ita, ba ta daina jin ta ba, kuma tana tafiya da yaron coci in an bar mata shi, uban yana sane. A aji uku na firamare ne yaran Katolika ke karɓar jibin Ubangiji na farko, wato tsarkakakken burodin da ake rabawa a coci, a watan Mayu, da fararen kaya da kyaututtuka da biki kamar na aure. Yawancin 'yan ajinsa za su yi. Iyayen sun ce za su zauna a kan maganar kafin lokacin, har yanzu ba su zauna ba.